Kakan babana ya tafi Gwanja bai dawo ba, ta ina zan fara nema?

Jikan Bafatake:
Assalamu alaikum. Kakan babana Ba'agale ne, wato cikin Agalawa fataken ƙasar Kano, fataucin goro yake yi daga Kano zuwa Gwanja, a arewacin Ghana ta yau. Yakan loda wa jakuna kanwa da rinannun tufafi, ya komo da goro. Tafiyarsa ta ƙarshe bai dawo ba, an ce aure ya yi a Salaga, garin babbar kasuwar goro ta Gwanja. Abin da ya bar mana Alƙur'ani ne rubutun hannu cikin tsohuwar gafaka, sai kirarinsa da Goggo ke yi. Abin yana raina ƙwarai. Ko muna da dangi can?

Ɗan Zango:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka tsaya kan Salaga kaɗai. Yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar, fatake da yawa suka koma Kete-Krachi, Yeji, Kumasi da Ankara (wato Accra). Ka nemi Sarkin Zango da limaman waɗannan garuruwa, su suka san gidajen da asalinsu Kano ne. Ka riƙe sunan madugun ayarinsa, da laƙabinsa, don da shi aka fi sanin mutum.

Malama daga Zariya:
Yaro, fara da Goggo tun tana da rai, Allah ya ƙara mata lafiya. Ɗauki muryarta a waya, kada ka katse ta. Kirari yakan ɗauko sunan uba da gari. Sannan duba ƙarshen Alƙur'anin a hankali, marubuta kan sa sunansu da na mahaifinsu.

Jikan Bafatake:
Na gode Mama. Juma'a zan je wurinta, in sha Allahu.