Ina so in sauya salansar motata don ta yi murya mai kauri, wa ya taɓa yi?

Abban Khalifa: Assalamu alaikum. Ina da Honda Accord ƙirar 2007, wadda ake kira DC, mai fulogi huɗu da inji lita 2.4. Ina so motar ta riƙa fitar da murya mai kauri, ba hayaniyar da za ta tayar da unguwa ba, domin da asuba nake fita kuma ina yawan bin hanyar Kano zuwa Kaduna. Ba na son a taɓa indomi, wato abin da ke tace hayaƙi a jikin salansa, kuma abin da na ware bai wuce naira dubu 150 ba. Wani mai walda ya ce a cire ƙaramar tukunyar tsakiya ta salansa kawai, wani kuma ya ce a sa bututu mai faɗin inci 3 har baya. Wanne ya fi?

Baban Sadiq: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka sayar da ita ka sayi mai fulogi shida, domin muryar da kake nema daga inji take fitowa.

Direban Funtua: Malam, ka ji tawa tukuna. Camry ƙirar 2008 gare ni, na kai ta wurin wani mai walda da aka yi ta yaba mini aikinsa, muka yi ciniki a kan sauya tukunyar baya kawai, na bar masa motar na tafi sallar Juma'a. Da na dawo ya tayar da ita, muryar ta yi daɗi a tsaye, har yaransa suna tafi. Sai da na hau babbar hanya na ga ta kaina. Da zarar allura ta zauna wajen kilomita 100, sai wani gunji ya cika cikin motar, ba ka jin maganar wanda ke gefenka, kuma kafin mu kai Zariya mai ɗakina ta ɗaure kanta da ɗankwali saboda ciwon kai. Bayan 'yan kwanaki fitilar inji ta kama, motar ta fara warin hayaƙi mai yaji, shan mai ya ƙaru, ga shi tun da aka cire tallafi a 2023 kowace lita sai mutum ya ji ta a jikinsa. Da wani makanike ya ɗaga motar, sai ga sabon ɗinkin walda a cikin indomin: an farke shi, an kwashe abin da ke ciki, an cusa soson ƙarfe an liƙe. Na koma wa mutumin, ya rantse cewa haka motar ta zo masa. Na bar shi da Allah, amma kuɗin sayen wani indomin ya ninka na salansar.

Ɗan Kofar Ruwa: Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Maganar kuɗi kuwa, a Kofar Ruwa na samu tukunya ta Beljiyam a kan dubu 45 har da ɗauri, an rubuta Magnaflow a jikinta.

Abu Hanifa: Rubutun ka saya, ɗan'uwa. Tawa daga Amurka aka kawo mini ita, kuma kafin ta iso hannuna ta haura dubu 300. A Panteka ta Kaduna ma wadda ba ta da suna dubu 120 aka ce mini.

Injiniya Jos: Malam Abban Khalifa, duka shawarwarin biyu ba su dace da buƙatarka ba. Aikin ƙaramar tukunyar tsakiya shi ne kashe sautin nan mai kaifi, saboda haka idan aka cire ta a mota mai fulogi huɗu, amo mai kaifi za ka samu maimakon kauri, kuma gunjin da Alhaji ya kwatanta zai ƙaru. Bututu mai inci 3 kuma ya yi wa inji lita 2.4 yawa, domin hayaƙin zai rage gudu a cikinsa, motar ta yi nauyin tashi a cikin gari. Ka tsaya a inci 2.25, iyaka 2.5, ka bar tukunyar tsakiya, ka sauya ta baya da irin wadda bututu mai huji-huji ya ratsa ta kai tsaye aka kewaye shi da audugar gilashi. Game da fitilar Alhaji, sensa biyu ne masu auna hayaƙi, ɗaya kafin indomi ɗaya bayansa, kuma na bayan ne ke kai ƙara idan indomi ya daina aiki. Idan aka sa kwamfuta, galibi lambar P0420 za a gani.

Usta Mai Walda: Yallaɓai Injiniya, da girmanka, amma karatun takarda daban, kwanciya a ƙarƙashin mota daban. Tun kafin a ƙera wannan DC nake riƙe da wutar walda, na cire tukunyar tsakiya a motoci da yawa, kuma babu wanda ya dawo mini da ƙorafi.

Injiniya Jos: Usta, rashin dawowa ba shaidar gamsuwa ba ce. Mai yiwuwa wurin wani suka tafi aka mayar musu da ita.

Maƙwabci Mai Haƙuri: Ni roƙona ɗaya ne, Abban Khalifa ya faɗi unguwarsu domin masu neman hayar gida su kiyaye. Akwai yaron layinmu da ya yi wannan aiki, yanzu idan ya tayar da mota sai tsofaffi su ɗauka janareton masallaci aka kunna.

Abban Khalifa: Na gode ƙwarai. To, tukunyar da Injiniya ya kwatanta, ana samunta a cikin dubu 150 ɗin nan kuwa?

Maman Ihsan: Labarin Alhajin Funtua ya taɓa ni, domin ni gyaran birki kawai na kai, kuma ranar da na karɓo motar na ji muryarta ta sauya. An ce mini wai dalma ce ake nema a cikin indomin.

Abu Hanifa: Ba dalma ba ce, Hajiya. Ƙarafa ne masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam, shi ya sa masu sayen tsohon indomi suke zagaya gareji-gareji. Matuƙar akwai mai saye ba tare da ya tambayi daga ina aka samo ba, satar ba za ta tsaya ba.

Usta Mai Walda: Kada a yi mana kuɗin goro. Sau da yawa motar tun daga Kwatano take zuwa babu indomi, wani lokaci kuma direban gida ne ya sayar, sai a ɗora wa na ƙarshen da ya taɓa ta.

Direban Funtua: Usta, ɗinkin da na gani ko tsatsa bai fara ba, kuma ni ba ni da direba. Yanzu kafin in bar mota a gareji sai na durƙusa na ɗauki hoton indomin a gaban mai garejin, in ya ji haushi ya ji.

Maman Ihsan: To mu da ba mu san ma inda yake ba, a wane ɓangaren za mu leƙa, kuma nawa ake sayar da na Corolla yanzu?