Neman shawara: Nero, zaki, da wasan kwaikwayon matasanmu

Ɗan Zumunta:

Salama gare ku iyayena da yayyena na wannan zaure. An ɗora mini shirya wasan kwaikwayo na makon matasa a cocinmu, saura mako uku. Jigon da kwamiti ya ba mu shi ne Kiristocin farko da sarakunan Roma. Na zauna na rubuta yadda na taso ina ji: Sarki Nero a kan karaga cikin babban filin wasan nan, Kolosiyum, ana jefa wa zaki masu bi ɗaya bayan ɗaya, mai ba da labari yana cewa tun daga Augustas, duk sarkin da ya hau aikinsa na farko farautar Kirista. Mun yi gwaji sau huɗu. Wani yaro har ya ɗinka kayan zaki da buhun masara, ya yi masa geza da warwararriyar igiya, in ya yi gurnani ƙananan yara watsewa suke yi.

Jiya kawuna, tsohon malamin tarihi, ya leƙo gwajin. Bai ce uffan ba sai da muka zauna cin tuwo, ya ce, "Ɗana, Neron naka ya mutu kafin a aza tubalin farko na filin da ka zaunar da shi." Ya ƙara da cewa rabin maganar mai ba da labarin ba haka take ba. Da asuba ya kama hanyar ƙauye, inda sabis sai an hau dutse.

To ina zan kama? In na gyara, ina tsoron dattawa su ce na rage darajar waɗanda suka ba da ransu. In na bari, na san ƙarya nake koya wa yara. Kuma yaya zan yi da mai kayan zaki?

Tsohon Hedimasta:

Ɗana, kawunka bai faɗi ba daidai ba. Nero ya mutu a shekara ta 68. Sarki Basfasiyan ne ya fara ginin Kolosiyum bayansa, ɗansa Titus ya buɗe shi a shekara ta 80. Maganar Augustas kuwa ta fi sauƙi: ya rasu a shekara ta 14, Yesu bai ma fara wa'azi ba. Wa zai farauta?

Ba sai ka nemo wani babban littafi ba, buɗe Sabon Alkawarin da ke hannunka. Augustas ya fito a Luka 2 saboda ƙidaya kawai. Magajinsa Tibariyas ya fito a Luka 3 don a faɗi shekara. A zamaninsa gwamnansa Bilatus ya yanke hukuncin gicciye Yesu, a wani lardi can nesa da fada. Sarki Kaligula, da Yahudawa ya yi rigimarsa: ya ce a kafa gunkinsa cikin Haikalin Urushalima, gwamnan Suriya ya yi ta jan ƙafa har aka kashe sarkin a farkon shekara ta 41. Sarki Kalaudiyas ya kori Yahudawa daga Roma, abin da ya kai Akila da matarsa Koranti ke nan, a Ayyukan Manzanni 18. Marubucin Romawa Suwetoniyus ya ce an kore su ne don suna ta tashin hankali a kan wani "Kirestus". Dubi yadda abin yake a idon fada: rikicin cikin gida na Yahudawa, in Almasihu (Kiristi) ake nufi, sunan ma ba su iya faɗa daidai ba.

A wannan surar dai, an kai ƙarar Bulus gaban Galiyo, gwamnan Akaya, wajen shekara ta 51. Mutumin ya ce wannan gardamar kalmomi ce da sunaye da shari'arku, ku je ku ƙarata, ya kore su daga kotu. Kuma a sura ta 25, da Bulus ya ce wa gwamna Fastus ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar, wane ne Kaisar ɗin? Nero. Bulus da kansa ya nemi a kai shi wurinsa.

Maman 'Yan Biyu:

Baba, da girmanka, kada mu wanke Nero da sabulu har yaron nan ya koma ya ce wa dattawa ba a yi komai ba. An yi, kuma abin da aka yi ya fi zaki muni.

Ƙanena, ga abin da za ka riƙe. A watan Yuli na shekara ta 64 gobara ta tashi a Roma daga shagunan da ke jikin filin tseren keken doki. Ta yi kwana shida, ta lafa, ta sake tashi. Cikin unguwanni 14 na birnin, uku sun ƙone ƙurmus, bakwai saura kufai, huɗu ne kawai suka tsira. Jita-jita ta karaɗe gari cewa sarki ne ya sa aka cinna. Tasitus, marubucin tarihin Romawa wanda yake yaro a lokacin, ya rubuta labarin bayan kusan shekara hamsin, ya ce don a kashe wannan jita-jitar ne Nero ya ɗora laifin a kan Kirista. Wasu aka ɗinke su cikin fatun namun daji aka sakar musu karnuka, wasu aka gicciye, wasu aka cinna musu wuta su zama fitila da dare a lambun sarki, shi kuwa yana yawo cikin jama'a da kayan mai tuƙa keken doki. Tasitus ba masoyin Kirista ba ne, muguwar camfi ya kira addinin, amma ya ce har 'yan kallo tausayi ya kama su, don sun ga ba don amfanin jama'a ake hallaka mutanen ba, don ƙetar mutum ɗaya ne. Kuma al'adar ikilisiya tun da wuri ta ce a zamanin Nero aka kashe Bitrus da Bulus a Roma.

Wane dattijo ne zai ji wannan ya ce ka rage darajar wani?

Tsohon Hedimasta:

'Yata, ban musa ba. Abin da nake so ya gane shi ne na Nero a cikin birnin Roma aka yi shi, saboda gobara. Dokar da ta game dukan daula sai a shekara ta 250, da Sarki Desiyus ya ce kowa ya miƙa hadaya ya karɓi takardar shaida. Tsakaninsu kusan shekara 190 ke nan.

Malam Ɗan Zariya:

Assalamu alaikum. Ni Musulmi ne, amma tarihin Rum na karanta, a ba ni dama in sa baki a matsayin maƙwabci.

Ɗan'uwa, in ni ne kai, ba filin wasa zan sa a tsakiyar labarin ba, kotu zan sa. Akwai wasiƙar da ba a taɓa rubuta wa mai shirya wasan kwaikwayo kamarta ba. Wajen shekara ta 112, wani gwamna, Filini Ƙarami, yana riƙe da Bitiniya a arewacin Turkiyya ta yau. Aka fara kawo masa ƙarar Kirista, sai ya rubuta wa Sarki Tarajan yana cewa shi bai taɓa zama a shari'ar Kirista ba, bai san me ake hukuntawa ba: sunan ne laifi, ko sai an aikata wani abu? A yi wa yaro yadda ake yi wa babba? Wanda ya janye fa? Ka lura, babban lauya ne, sanata, shekara kusan hamsin bayan Nero, yana wannan tambayar. Da akwai tsayayyiyar doka da bai tambaya ba.

Ga yadda yake yi kafin amsa ta zo. Ya tambayi mutum, kai Kirista ne? In ya ce i, ya sake tambaya, ya sake ta uku da barazanar kisa. In ya kafe, a tafi da shi, don a ganinsa taurin kan kaɗai ya isa hukunci. 'Yan ƙasar Roma kuma ya rubuta sunansu don a aika da su birni. Sai aka jefo wata takarda marar sa hannu cike da sunaye. Ya sa aka kawo siffar sarki da gumakan alloli, wanda ya ce shi ba Kirista ba ne ya zuba turare da ruwan inabi, ya zagi Almasihu, a sake shi. Wasu suka ce da suna ciki amma sun bari, wani shekara uku, wani har ashirin. Ya azabtar da bayi mata biyu da ake kira masu hidima don ya ji sirrin. Abin da ya samo gaba ɗaya: suna taruwa kafin gari ya waye a wata tsayayyiyar rana, su yi wa Almasihu waƙa kamar wani allah, su yi rantsuwar ba sata, ba fashi, ba zina, ba cin amana, daga baya su ci abinci tare.

Amsar Tarajan 'yar gajeruwa ce. Kada a bi su ana nema. Wanda aka kawo ƙararsa aka tabbatar, a hukunta shi. Wanda ya musa ya yi wa alloli addu'a, a yafe masa. Takarda marar suna kuwa kada a karɓa.

Wani abu kuma da zai ba ka ɗan wasa guda kyauta: Filini ya ce haikalai sun kusa zama kango, naman hadaya ya rasa masu saye, sai bayan da ya fara shari'ar kasuwa ta farfaɗo. To wa kake zaton yake kai ƙara? Ka tuna maƙeran azurfa na Afisa da suka yi wa Bulus bore don cinikinsu. Sarki yana can Roma bai san sunan kowa ba. Mai sayar da nama a bakin haikali, shi ya san wanda ya daina zuwa.

Ɗan Kwaya:

Ni dai ina ganin kuna tsananta abin. Wasan yara ne na minti arba'in, ba jarrabawar jami'a ba. Saura mako uku, yara sun haddace layukansu. A cire sunan filin daga bakin mai ba da labari, shi ke nan, a bar sauran.

Maman 'Yan Biyu:

Kai ma ka faɗa, yara ne. Yaran nan abin da suka gani a dandali shi za su riƙe har furfura, kamar yadda mai tambayar ya riƙe nasa. Gara a sha wahalar mako uku.

Amma ƙanena, kada ka taɓa zakin nan, yaro ya ɓata dare yana ɗinki. Ka ba shi Ignatiyus, shugaban ikilisiyar Antakiya. A zamanin Tarajan ɗin nan aka ɗaure shi, sojoji goma suka tasa shi har Roma don a ba namun daji. A hanya ya rubuta wasiƙu bakwai, a ɗaya yana roƙon Kiristocin Roma kada su nema masa ceto, ya ce shi alkamar Allah ne da haƙoran namun daji za su niƙa. Ga zaki ya samu aiki ba tare da ƙarya ba.

Dattijon Ikilisiya:

Ɗana, tun da mu dattawa kake tsoro, bari ɗaya daga cikinmu ya amsa. Kada ka jira ranar wasa mu gani a dandali. Ka je wurin shugaban kwamiti cikin makon nan da Littafinka, ka nuna masa Ayyukan Manzanni 18 da 25, ka ce kawunka ne ya ja hankalinka. Mu tsofaffi mun fi karɓar gyara in ya biyo ta hannun tsoho.

Kuma ka sa wa mai ba da labari nassi biyu su zauna kusa da juna. Romawa 13, inda Bulus ya ce a yi biyayya ga mahukunta a biya haraji, a farkon mulkin Nero aka rubuta shi, kafin gobarar. Wahayi 17 kuwa ya zana birni mai tuddai bakwai kamar macen da ta bugu da jinin tsarkaka, kuma Ireniyus, wani shugaban ikilisiya na dā, ya ce a ƙarshen mulkin Sarki Domitiyan, wanda ya mutu a 96, aka ga wahayin. Roma ɗaya ce, shekara kusan arba'in tsakani. Ka bar matasan su tambayi kansu me ya faru a tsakiyar.

Ɗan Zumunta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Ga yadda na sake zana shi a daren jiya: fitowa ta farko Galiyo yana korar masu ƙara, ta biyu gobara da lambun Nero, za mu kashe wutar coci mu yi da tocila, ta uku kuma mafi tsawo kotun Filini, da mai nama da takardarsa marar suna, a rufe da Ignatiyus. Malam Ɗan Zariya, don Allah ka turo mini tambayoyin Filini a jere yadda suke a wasiƙar. Gobe bayan sujada zan ga shugaban kwamiti.

Mai zaki na gaya masa, murna yake yi don yanzu shi zai rufe wasa. Wanda ya rage shi ne mai fitowa a Nero. Layi talatin da biyu ya haddace, yanzu sun koma shida, kuma ɗan ma'ajin coci ne.