Shin 4,294,967,297 tana rabuwa? Muhawara a zauren tsoffin ƴan lise na Damagaram

Sani Zango: Salamu alaikum jama'a. Ku duba lambar nan: 4,294,967,297. Ni dai na tsaya a kan cewa babu abin da ke raba ta sai 1 da ita kanta. Ƙarshenta 7, don haka 2 da 5 sun fita. Jimlar alkalumanta 59, 3 ma ta fita. Na bi 7, 11, 13 har zuwa 97 da wayata, kowace sai ta bar saura.

Hadiza Birni: Wa alaikumus salam Yaya Sani. A ina ka samo ta?

Sani Zango: Ki ninka 2 da kanta har sau 32, ki ƙara 1. Danginta ne 3, 5, 17, 257 da 65,537, waɗanda ake samu ta wannan hanya in aka sa 1, 2, 4, 8 da 16 a maimakon 32, kuma duk biyar ɗin ba sa rabuwa. Fermat, masanin lissafin nan na Faransa, tun 1640 ya ce duk lambobin wannan tsari haka suke.

Mushe Abdu: Sani ɗana, Fermat zato ya yi, bai kawo hujja ba. Kuma tsayawa a 97 bai isa ba. In gwaji za ka bi, sai ka kai wajen 65,536 kafin ka yanke hukunci. Raba ta da 641.

Hadiza Birni: Na raba, Mushe. 6,700,417 cif, babu saura!

Sani Zango: Allah ya gafarta Malam, na ga ta rabu. Amma wa zai zauna ya gwada har 641 a zamanin da babu na'ura? Wannan sa'a ce kawai.

Mushe Abdu: Ba sa'a ba ce, kuma nan ne abin yake birge ni. Masanin lissafi Euler ne ya gano, a 1732, yana aiki a Rasha. Daga baya ya nuna cewa duk lambar da za ta raba wannan dole ta zama 64 sau wani abu, a ƙara 1. Ka ga dubban lambobi sun zube ke nan. Cikin marasa rabuwa masu wannan siffa, na farko su ne 193, 257, 449, 577, sai 641, wato 64 sau 10 da 1. Ta biyar ce a layi. Mai tankaɗen gari ba ya tsintar tsaki ɗaya-ɗaya, rariya yake nema. Kuma 641 da 6,700,417 kowaccensu ba ta rabuwa, don haka lambarmu tana cikin rukunin waɗanda marasa rabuwa biyu kacal suka haifa.

Alhaji Mamman: Ni dai ina bayan Sani ta wani ɓangare. Lamba guda ta kuɓuce wa Fermat, sauran na gaba fa? Ƙila su suna bin maganarsa.

Mushe Abdu: Alhaji, wadda ke bi mata, wato 2 a ninka ta da kanta har sau 64 a ƙara 1, ita ma 274,177 tana raba ta. Har yau, da duk ƙarfin kwamfuta, ba a sami ko guda marar rabuwa a dangin nan bayan 65,537 ba.

Alhaji Mamman: Rashin samu ba ya nufin babu, Malam. Kai ma ka faɗa wa Sani gwaji ba hujja ba ne.

Mushe Abdu: Gaskiyarka. Babu wanda ya tabbatar da cewa marar rabuwa ta shida ba ta nan, shi ya sa masana ke ci gaba da nema. Abin da ya faɗi shi ne kalmar "duk" da Fermat ya yi, kuma 641 ita kaɗai ta isa ta kayar da ita.