Idan na kira motar asibiti, me zan fara faɗa?

Salamu alaikum 'yan uwa. Hajiyarmu tana da hawan jini da ciwon suga, kuma da rana ni kaɗai ce da ita a gida. Maƙwabciyarmu ta ce ranar da maigidanta ya yanke jiki ya faɗi, da ta kira neman agaji tambayoyi aka yi ta jero mata, har ta ƙufula ta kashe wayar. Ni kuwa na san kaina da rikicewa. Don Allah me ake fara faɗa?

Maman Amira, ma'aikaciyar jinya: Allah ya ba Hajiya lafiya. Kwatance ake fara yi, ko waya ta katse an san inda za a nufa. Sai shekarunta, tana cikin hayyacinta ko a'a, tana numfashi ko a'a. Tambayoyin nan ba jan rai ba ne, da su mai ɗaukar kiran yake gane tsananin abin, ya faɗa miki abin yi kafin mota ta iso. Idan kin ga baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, magana ta sarƙe, ki dubi agogo nan take ki gaya masa. Shanyewar ɓarin jiki ake tsoro, kuma allurar narkar da gudan jini wa'adinta kamar awa 4 da rabi ne daga fara alamun. Ki buɗe sifika, kada ki kashe sai ya sallame ki.

Baban Yusra: A Najeriya 112 za ki kira, kyauta ce. In hatsarin mota ne akwai 122. Matsalarmu rashin lambar gida. "Bayan masallaci" ba kwatance ba ne, masallatai nawa ne a unguwa? Ki rubuta unguwa, babban titi da gidan mai ko makarantar da ke kusa, ki liƙa a bangon ɗaki, sannan ki tura yaro bakin titi ya tare su.

Wani daga Maraɗi: Mu nan Nijar 15 ce ta likitocin gaggawa, 18 ta 'yan kwana-kwana.

Anti Larai: Gaskiya ba ko'ina mota ke zuwa da wuri ba. Ki tambayi mai ɗaukar kiran kai tsaye ko akwai mota a kusa, kuma ki ajiye lambar mai adaidaita sahu na unguwarku.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Maman Amira, in suga ne ya sauka fa?

Maman Amira: In tana iya haɗiya, ki ba ta ruwan sukari. In ta suma, ko ruwa ko rubutu kada ki ɗura mata, shaƙewa za ta yi. Ki kwantar da ita a gefenta, ki gaya wa mai ɗaukar kiran magungunan da take sha.