Neman kalma: me za mu kira "foliya" a shirin noma na ranar Alhamis?

Mai shirin rediyo: Assalamu alaikum malamai. Ranar Alhamis za mu ɗauki shiri kan takin da ake narkawa a ruwa a fesa wa shuka a ganye, wanda masu sayarwa ke kira foliya. Kalmar za ta yi ta maimaituwa a shirin, kuma "takin ganye" da na rubuta bai kwanta mini a rai ba. A taimaka kafin gobe da dare.

Malamin gona: Wa alaikumus salam. Cire takin ganye, Malama. Manomi na jin haka, ganyen da aka tara ya ruɓe zai fahimta. "Takin ruwa" ma bai raba gardama ba, don akwai na ruwa da ake zubawa a gindin shuka ko a sa cikin ban-ruwa. Ni "takin feshi" na ga ya dace.

Hajiya mai lambu: Na goyi bayan Malam, amma kada a bar kalmar taki a ce feshi kawai ko sau ɗaya. Duk abin da ya fito daga injin feshi, magani ake ce masa. In aka ɗauke shi magani, sai a jira ƙwari su bayyana kafin a fesa, alhali lokacinsa daban ne: sa'ad da shuka ta yi ganyen da zai tare ruwan, da gab da fure, da kuma in alamar rashin wani sinadari ta fito.

Dattijo: Feshi aikin hannu ne kawai, bai faɗi cewa shukar ta ci ba. Muna da ɗura, wato ba da abinci ta hanyar da ba mai ci ne ya ɗauka da kansa ba. Ku ce "ɗurar ganye". Hausa ce tsantsa, gajeriya kuma.

Malamin gona: Ranka ya daɗe, kalmar ta yi daɗin ji, amma tana koyar da kuskuren da muke yaƙi da shi. Ɗura cikawa ce, ganye kuwa kaɗan yake iya sha. Ga lissafi. Yuriya kashi 2 cikin 100 ita ce giram 20 a lita ɗaya, wato giram 320 a injin feshi na goyo mai lita 16. In hekta ta ci lita 200, yuriya kilo 4 ke nan aka fesa. Naitirojin da ke cikin yuriya kashi 46 ne, don haka abin da ya hau ganyen bai kai kilo 2 ba, masara kuwa tana neman wajen kilo 100 na naitirojin a hekta. Wanda ya ji "ɗura" zai ɗauka ya ƙosar da gona, ya fasa sa takin ƙasa, ko ya ninka awo ya ƙone ganye.

Dattijo: To feshin naku ya hana shi ninkawa? Abin da ke damuna shi ne kullum sai mu ɗauki mafi arhar kalma. Ga yuriya, ga naitirojin, ga hekta a magana ɗaya. Ina Hausar?

Ɗalibin fassara: Baba, da girmamawa, yuriya ta zama Hausa tunda da ita manomi ke saye. Ni ma har foliyar zan bari, ita ce a jikin kwalba.

Dattijo: Ka ji ko? Haka harshe ke mutuwa, mai kwalba ya raɗa suna, malamai su bi shi.

Ɗalibin fassara: Harshen da ya ari sabulu da mota bai mutu ba. Darajarsa ita ce a fahimci magana.

Dattijo: Darajarsa ita ce ya haifi nasa, ɗana. Wanda ya saba aro ba ya ƙira.

Mai shirin rediyo: Don Allah a dawo kan kalmar, lokaci na tafiya.

Hajiya mai lambu: Malama, ko wace aka zaɓa, ki sa waɗannan a shirin, don su ne ke kawo riba ko asara. A fesa da sassafe ko da yamma liƙis. Da rana ɗigon yana bushewa kafin ganye ya sha, gishirin da ya rage ya bar tabon ƙuna. A juya bakin feshi ya sami bayan ganye, nan ƙananan ƙofofin numfashi suka fi yawa, kuma a tsaya da zarar ganyen ya jiƙe, kafin ya fara zuba. Shukar da ta yi yaushi don ƙishi a ba ta ruwa tukuna. In hadari ya haɗu a dakata, ruwan sama na wanke shi. Albasa da kabeji ganyensu santsi gare shi, sai an sa sinadarin da ke sa ɗigo ya manne. Kada a haɗa kalsiyam da fosfet ko salfet a tanki ɗaya, guda-guda suke yi su toshe bakin feshi. Duk sabon haɗi a fara gwada shi a kwalba, sannan a kan 'yan shuke-shuke, a duba bayan kwana biyu.

Malamin gona: Inda takin feshi ya fi biyan kuɗinsa shi ne sinadaran da shuka ke buƙata kaɗan. A ƙasa mai kanwa-kanwa, sinadarin ƙarfe yana nan amma saiwa ba ta iya ɗauka, sai sabon ganye ya yi rawaya jijiyoyinsa na kore. Ko an zuba a ƙasa, ƙasar ce ke riƙe shi, ta ganye kuwa yana shiga. Zink salfet giram 5 a lita ake yawan sawa, giram 80 a injin goyo. Boron kuma tsakanin isarsa da gubarsa tazara kaɗan ce, a tsaya kan abin da ke rubuce. In tsohon ganye na ƙasa ne ya fara rawaya, wannan yunwar naitirojin ce, takin ƙasa take so. Mai son sanin ko ya ci riba ya bar kunya biyu ko uku bai fesa ba, ya auna amfaninsu dabam, ya cire kuɗin taki da na mai feshi.

Dattijo: Duk bayanin nan naku ciyarwa yake nunawa. In kun ƙi ɗura, ku ce "ciyarwa ta ganye". Aƙalla ta faɗi gaskiyar aikin.

Ɗalibin fassara: Wannan ta yi wa aikin, amma ba a cewa "ba ni kwalbar ciyarwa ta ganye".

Malamin gona: To a raba. Abin da ke cikin kwalba takin feshi, aikin kuma ciyar da shuka ta ganye.

Mai shirin rediyo: Haka zan yi. A buɗewa zan ce "takin feshi, wato ciyar da shuka ta ganye, ƙari a kan takin ƙasa", in ambaci foliya sau ɗaya don a gane ta wajen saye. Na gode ƙwarai, Allah Ya saka.

Dattijo: Sau ɗayan ma ya yi yawa, amma ki je ki yi shirinki. A rubutuna ɗurar ganye zan ci gaba da sawa.