An ce in sake gwajin ƙanjamau alhali na farko ya nuna ba ni da ita

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Cikina wata biyar. Ranar da na fara awo aka gwada jinina, ba a ga ƙwayar HIV ba, alhamdulillah. Sai dai nas ɗin ta rubuta a katina cewa a sake gwaji idan ciki ya tsufa, ta ce in zo da maigida shi ma a gwada shi. Maganar ta tsaya mini a rai. Ban san wani namiji ba sai mijina. Ko wani abu ta gani ta ɓoye mini? Kuma ta ina zan ɓullo wa maigida ba tare da ya ga zarginsa nake ba?

Ungozoma:
Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinki ƙanwata, ba ta ɓoye miki komai ba, kowace mai ciki haka muke yi mata. Gwajin da ake yi nan take ba ƙwayar yake nema ba, martanin garkuwar jiki yake nema, shi kuwa yakan kai wata uku bayan kamuwa kafin ya bayyana. Sannan mace na iya kamuwa tana da ciki ko tana shayarwa, kuma a sabon kamu ƙwayar ta fi yawa a jini, ta fi saurin kaiwa ga jariri.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan uwa ba ta shan magani, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 kan ɗauka, a ciki ko wajen naƙuda ko ta nono. Da magani, abin ba ya kai 5 cikin 100. Wannan tazarar ce ke sa mu nace.

Shi kuma maigida, mutum kan yi shekaru da ƙwayar yana harkokinsa lafiya lau, tun kafin aure ma, bai sani ba. Matan aure da yawa na ba wa sakamakon nan, kuma kukansu ɗaya ne da maganarki: ba su san kowa ba sai mazajensu.

Mai Haƙuri:
Ni ina ɗauke da ita, kuma a wajen awo na sani. Ƙwayar magani ɗaya nake sha kullum. Da na haihu aka ba jaririyar maganin kariya nevirapine na ruwa har sati shida, na shayar da ita nono zalla wata shida. An gwada ta a sati shida, an sake bayan yaye, ba ta da komai. Yau tana makaranta. Yaya, ki je a sake gwajin nan don Allah.

Baban Yara:
Alƙaluman UNAIDS, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙanjamau, na 2023 sun nuna duk mako 'yan mata da matasan mata kusan 4,000 masu shekara 15 zuwa 24 ke kamuwa a duniya, 3,100 daga ciki a Afirka kudu da Sahara. Jikin mace ya fi saurin ɗauka wajen saduwa, balle idan akwai ciwon sanyi mai gyambo. A matsayina na namiji, shawarata kada ki ce masa "je ka gwada". Miƙa masa katin ki ce asibiti ke neman ku biyu saboda yaron.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. To Anti, idan ya ƙi zuwa fa?

Ungozoma:
Ke dai kada ki fasa naki. Ki faɗa wa nas ɗin ya ƙi, su sun san yadda ake gayyatar miji. Idan kina tsoron faɗa ko duka, wannan ma ki faɗa mata tun farko. Ki kuma tambaye ta maganin kariya da ake kira PrEP, wanda marar cutar ke sha don kada ta kamu. Mai ciki da mai shayarwa duk suna iya shan sa.