Sikirif ɗina yana shiga suwic amma sai ya tsaya cak

Ɗan Zango:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ke kula da reson wani kamfani a nan Damagaram. Suwic (na'urar da ke haɗa kwamfutoci a reso) 14 ne a hannuna, duk Cisco Catalyst 2960, tara a buronmu, sauran suna Mirriya da Magarya. Duk sanda maigida ya ce a ƙara VLAN (wato ware wani ɓangare na reso daban), sai in zauna da PuTTY, manhajar shiga na'ura daga nesa, ina bin su ɗaya bayan ɗaya, suna, kalmar sirri, enable, configure terminal, har la'asar ta riske ni a kujera. Da na gaji na rubuta sikirif (ɗan shirin kwamfuta) da Expect, manhajar da ke buga umarni da kanta, ya riƙa shiga ta Telnet, hanyar shiga suwic daga nesa, a madadina.

Shiga kam yana shiga lafiya lau. Amma da ya kai show running-config, umarnin nuna saitin suwic, sai ya tsaya, har lokacinsa ya ƙare. Wanda ya fi ƙona min rai shi ne na ranar Talata: ya canza VLAN na bakin (port) da nake bi in shiga suwic ɗin Magarya, reso ya yanke. Sai da na shiga mota da wayar console, wadda ake jonawa kai tsaye a jikin suwic, a aljihu, yini guda ya tafi a kan gyaran minti biyar.

Mai Reso:
Wa'alaikumus salam ƙanena. Ba laifin Expect ba ne. Suwic ɗin layi 24 yake nunawa, sannan ya rubuta --More-- yana jira a danna masa, shi kuwa sikirif alamar # yake jira. Kowa na sauraron kowa. Da zarar ka shiga, tura terminal length 0, ya daina tsayawa a --More--.

Na Magarya kuwa, ni ma na taɓa shan irinsa. Kafin ka taɓa komai a suwic na nesa, buga reload in 10. In ka rufe kanka waje, bayan minti goma zai tashi da tsohon saitinsa. Sai dai zai tambaye ka ko a ajiye canji, sannan ya nemi tabbaci, dole sikirif ya san amsa duka biyun. In aiki ya yi kyau, reload cancel, sannan write memory. Kada ka juya su.

Yar Birni:
Malam, don Allah ka bar Telnet. Kalmar sirrinka a fili take wucewa, duk mai Wireshark, manhajar leƙen abin da ke wucewa a reso, a kan hanya zai karanta ta. Sa hostname da ip domain-name, ka yi crypto key generate rsa, ka koma SSH, shi yana ɓoye abin da ke wucewa. Duba kuma sunan IOS ɗinka, manhajar da ke tafiyar da suwic ɗin Cisco, in babu k9 a ciki SSH ba zai yiwu ba. Ni Netmiko nake amfani da shi a Python don sarrafa suwic ta sikirif, shi da kansa yake kashe --More-- ɗin nan.

Ɗan Zango:
Allah ya saka da alheri yaya, terminal length 0 ya warware ta, 14 ɗin duka cikin 'yan mintuna. Hajiya, na gwada SSH a biyu na buro, ɗaya ya karɓa, tsohon kuma yana cewa no matching key exchange method, yana ambaton diffie-hellman-group1-sha1. In sabunta IOS ne, ko in buɗe masa daga kwamfutata?